Motar da Ba Ta Tsayawa Masu Turi

Ranar wata Juma'a ce da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu, Alhaji Mamman makwabcinmu ya shigo unguwarmu a Kurfi da wata doguwar jar mota 'yar Amurka da ya sayo a Maraɗi. Muna sussukar gero a ƙofar gida muka ji rurin injinta tun kafin ta karyo kwana, muka watsar da aiki muka bi ta a guje. Ƙarfe ne na gaske, in ka ƙwanƙwasa jikinta yatsanka ne zai yi ciwo. Ɗansa Sani, wanda muke zama benci ɗaya a makaranta, ya hakimce a gaba yana ɗaga mana hannu. Tun daga ranar na fara jin haushinsa, alhali bai yi mini komai ba.

Motar tana da hali ɗaya: ba ta tashi sai da turi, in kuma ta tashi Alhaji ba ya tsayawa, don kada ta mutu. Saboda haka duk yaron da ya tura sai ya bi ta da gudu ya faɗa ta ƙofar baya. Masu ƙafa su sha yawo har hanyar Barkiya, su dawo suna ba da labari. Ni kuwa duk na fi su ƙarfi, don ni ke ɗebo ruwa da jan akuyoyinmu, amma jikina nauyi gare shi. Kullum a tsakiyar hanya ake barina ina haki, hayaƙi ya cika mini baki. Innata takan ce, “Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.”

Da Sani ya gaji da fushina, sai ya roƙar mini babansa a tafi da ni kasuwar Dutsin-Ma. Na yi wanka, na sa rigar Sallah, na riga kowa shiga. Kujerar ta lotsa da ni, tana ƙamshin fata da fetur. Yara suka tura, mota ta yi tari ta yi shiru. Suka sake, ko motsin kirki babu. Alhaji ya waigo ya dube ni ya ce, “Kai Lawwali, hito ka kama masu, kai ne mai ƙarfin.” Na fita na kafa kafaɗa, turi ɗaya ta ɗauka. Ina tsaye da rigar Sallata ina kallon ƙeyar Sani har suka ɓace.

Ba a daɗe ba injin ya buga, aka rasa kayan gyara. Kaji suka yi shekaru suna ƙwai a cikinta kafin 'yan gwangwan su yanka ta su auna a sikeli.

Kwanan baya Sani, wanda yanzu yake da furfura kamar ni, ya turo mini bidiyon wani gwanjon tsofaffin motoci a Amurka. Ga irinta sak, tana ƙyalli, Turawa na ɗaga hannu suna ƙara farashi har ya kai abin da zai sayi gidajen layinmu gaba ɗaya. Ya kira ni yana salati, wai da sun sani da ba su sayar ba. Na taya shi jaje da baki kawai. Shi dukiya yake wa kuka, ni kuwa har yau ban san yadda ake ji a cikinta in tana gudu ba.