Ɗamarar Azurfa

Ni na ce mata ta ɗaura a jiki. Ban taɓa ɓoye wa kowa wannan ba.

Lokacin na shekara goma sha ɗaya a Makka, ina toya waina a bakin hanya a unguwar Mansur. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana Sudan, inda mijinta ya rasu a gonar auduga. Da ta aiko za ta ƙaraso, na je wurin mai rubuta wasiƙa, na sa ya rubuta mata amsa, ya karanta mini sau biyu, don ban yarda da alƙalamin kowa ba. Na ce ta sayar da awakinta ta mai da su azurfa, ta haɗa da mundayen mahaifiyarmu, ta ɗinke cikin ɗamara, ta ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zane. Kada ta kuskura ta sa a akwati. Na san masu jirgin tashar Sawakin, a gabana suka fasa akwatin wata tsohuwa.

Ba ta da takarda, saboda haka ƙaramin jirgin katako ta shiga, irin mai sauke mutane nesa da idon askarawa.

Wata biyu shiru. Ran nan da hantsi wata Bakatsiniya ta tsaya gaban tandata, leɓenta duk ya tsage, ta tambayi mai waina. Jirginsu ɗaya da ƙanwata. Ta ce hadari ya taso musu ana hango tudu, iska ta maka jirgin a kan dutse, ya rabe. Duk wanda ya rungumi akwati ko katako, ruwa ya turo shi gaɓa.

"Akwatina muka kama ni da ita," in ji ta. "Ta ce mini, 'Yaya, nauyi nake ji.' Sai hannunta ya zame."

Na juya wainar da ke kan wuta, don ta fara ƙonewa. Ban yi kuka a titi ba. Mutuwa kam na karɓa. Abin da nake son sani ɗaya ne: an fito da ita? An yi mata wanka, an sallace ta, an sa ta a ƙasa kamar kowa?

Da teku ya kwanta, masunta suka riƙa nutsewa suna kwaso abin da ya saura. Kayan suka fara ɓullowa a kasuwar Hindawiyya: butoci, tasoshi, carbi, duk gishiri ya ci su. Kullum in na tashi daga tanda sai in bi masu shimfiɗa kaya ɗaya bayan ɗaya, ba na taya komai, ido kawai. A mako na uku na ga munduwa guda, ta yi baƙi ƙirin, da lotsawar da turmi ya yi mata tun muna yara. Na taka gefen shimfiɗar, na ce ba inda zan gusa sai an nuna mini wanda ya kawo ta.

Aka kai ni wurin wani dattijo, jinin Hausa haifaffen nan, mai aiki da masunta. Hausarsa rabi Larabci ce.

"Baba, ina mai wannan munduwar?"

"Ya Hajja, bahar babba ne."

"Ban tambaye ka girmansa ba. Ɗamarar da munduwar nan ke ciki ba ta kwance kanta, sai da wuƙa. Wa ya yanka?"

"Ni ne. Wallahi a ƙasan ruwa numfashi ɗaya mutum yake da shi. Ko ka ɗauko kaya, ko ka ɗauko mutum."

"Sai ka ɗauko kaya."

"Na ce in sauke mata nauyi, in dawo da igiya. Na dawo, wallahil azim na dawo. Ashe ɗamarar ce ta riƙe ta a wurin. Ina yankewa ruwa ya tafi da ita. Mun yi yini muna nema. Khalas, ma fi, babu ita."

Ya shiga ɗaki ya fito da ragowar azurfar a ƙulle cikin tsumma. Na ce ya riƙe abinsa, shi ya nutse. Ban zage shi ba, ban kuma ce na yafe ba. Na bar shi tsaye.

Tun daga ranar, duk sallar da ta same ni a Harami, in aka kira sallar gawa, sai in miƙe in yi kabbara huɗu tare da jama'a. Gawar wani ce a gaba, ban san shi ba, amma ina sa ƙanwata a cikin niyya. Wani malami ya taɓa ce mini a mazhabarmu ba a sallatar wanda ba ya nan. Na ce masa na ji. Da la'asar aka sake kira, na miƙe.