Zanen Yatsanki Ya Dawo, Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, babbar 'yarki ta kira ni tana kuka, ta ce kin cika a asibiti. Na zauna daɓas a bakin gado.

Ba ciki ɗaya muka fito ba, Yaya. Benci ne ya haɗa mu, dogon bencin nan na ƙofar ofishin da ke biyan haƙƙin sojojin da suka rasu a fagen daga. Ranar da na fara zuwa ban daɗe da fita takaba ba, ke kuwa kin yi shekaru kina bin albashin mijinki Kyaftin da aka riƙe, da abin da aka ce za a ba iyalinsa. Kika matsa mini, kika ce, "Zauna ƙanwata, ki daina kallon ƙofar nan, ba ta da kunya." Ke kika koya mini zuwa da ruwa da ɗan abin taɓawa. Ranar da kuɗin motata suka ƙare kika raba naki biyu, muka sauka a rabin hanya, muka ƙarasa da ƙafa muna yi wa kanmu dariya.

Wankau kike yi ki ciyar da marayunki, har ruwa da sabulu suka cinye zanen yatsunki. Ofishin nan kuma ba ya biyan kowa sai na'ura ta gane babban yatsansa. Sunanki ya fito, takardunki sun cika, amma da kin ɗora yatsa sai jar wuta ta kama. Kin shafa mai, kin hura masa iska, kin goga a goshi, duk a banza. Ma'aikacin, bawan Allah, ba mugu ba ne. Ya ce ki ajiye wanki na ɗan lokaci, zanen zai dawo. Kika ce, "Ɗana, kafin nan na'urar yaran za su ci?" Duk bencin ya kwashe da dariya. Sai da muka fito titi kika yi kuka.

Na raka ki wurin manya. Kowa ya tausaya, kowa ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Wallahi har yau ban san wanda zan riƙe a raina ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Da aka biya ni nawa, kunyar faɗa miki ta kama ni. Kika ji a bakin wasu, kika zo har gida kika rungume ni.

Ciwo ne ya raba ki da bahon wanki. Ina cikin waɗanda suka yi miki wanka. Da na kama hannunki na dama sai na ga zanen babban yatsanki ya dawo raɗau, kamar na yarinya. Na riƙe yatsan nan har sai da wata ta taɓa kafaɗata.

Jiya na raka 'yarki ofishin. Sun ce tunda mai nema ta rasu, sai magada su faro daga farko. Muka zauna a gurbinki. Ita ta gaji bahonki, Yaya. Na dubi hannunta.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya sada ki da Kyaftin cikin rahamarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da 'yan'uwanki da matan bencinmu, Allah ya ba mu haƙuri. Ya Allah, ba ni da abin da zan iya yi wa yarinyar nan. Ka tsare mata yatsanta har a kira sunanta.