Sallar da Na Cinye Naman Maƙwabciyata

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da babbar Sallar da na cinye naman maƙwabciyata har sau biyu ba. Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi, ni ma ina taya su, amma a wancan makon ko murmushi ban iya yi ba.

Ni mace ce ta gida. A Lafiya aka haife ni, a nan na yi aure, kuma in ba asibiti ko gaisuwar rasuwa ba, da wuya ka gan ni a bakin titi. Katanga ɗaya ce ta raba mu da wata baiwar Allah 'yar Eggon, Kirista, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Duk unguwa Mama Nas ake ce mata. Sama da shekara ashirin muna da wata al'ada ni da ita. Ranar Kirsimeti za ta kawo min kula cike da shinkafa da kaji, kajin ma maigidana take kira ya yanka mata don mu ci hankali kwance. Ni kuma ba na mayar da kular, don a unguwarmu ba a mayar da kwano ba komai a ciki. Sai in wanke in ɗora a kan kabad har babbar Sallah, in cika ta da soyayyen naman rago in miƙa mata. Ita ma ta riƙe har Disamba. Kular nan ta fi wasu dangi zumunci.

Abin da Mama Nas ba ta sani ba, maigida ma bai sani ba, shi ne ina da wani hali da nake ɓoyewa. Ya fara ne bayan auta ta yi aure an kai ta Obi. Gida ya yi shiru. Ni da na saba surutu tun asuba, sai na wayi gari ba mai amsa min sai rediyo. In maigida ya fita shago, wajen azahar haka, sai wani abu ya taso min a ƙirji. Ba yunwa ba ce, na san yunwa. Wannan sai ya ja ni kicin, in tsaya a tsaye ina ci da sauri kamar za a ƙwace. Sauran tuwon jiya, burodi, gyaɗa, ɗanyen garin rogo da sukari, duk abin da hannu ya kai. Cikina ya cika har yana ciwo, ina ce wa kaina ya isa, hannun bai ji ba. In na gama in zauna a ƙasa in yi ta zagin kaina. Washegari sai in hukunta kaina, in ƙi karyawa, in sha shayin rage ƙiba, in ce yau na shiryu. Kafin la'asar na koma gidan jiya. A gidan biki kuwa cokali biyu nake yi in ture faranti, mata suna cewa, "Hajiya ke dai jikin hutu gare ki, ba ki cin komai amma kina ta haɓaka." In yi dariya in ce gado ne.

To, a wannan Sallar maigida ya samo rago daga Adogi, rago na gaske. Muka soya ranar farko, washegari na zaɓi tsoka mai kyau na cika kular Mama Nas, na barbaɗa yaji, na rufe. Na leƙa gidanta aka ce ta je gona, sai yamma. Maigida ya fita yawon Sallah, baƙin da suka zo da safe sun watse, auta ta bugo waya ta ce bana ba za su samu zuwa ba. Na ajiye wayar, na ga ni kaɗai ce a tsakar gida da kula.

Na ce bari in ɗanɗana ɗaya in ji ko gishiri ya ji. Ya ji. Na ce ai na sama ne, na ƙasa fa? Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na dai farga ina zaune a bayan ƙofar kicin, kula tsakanin ƙafafuna, ina lashe yaji a yatsa, muƙamuƙina yana ciwo.

Na yi kuka, na wanke fuska, na ce wannan mai sauƙi ne. Na ɗebo daga kason gida na sake cika ta, duk da bai kai na farko kyau ba. Amma cikina ya yi nauyin da ko ƙofar gida ba zan iya kaiwa ba, sai na ce gobe da safe. Da safen kuma na ce yau ba abin da zai shiga bakina, don in rama ɓarnar jiya. Na sha shayina. Maigida ya kwashe sauran naman gida kaf ya tafi kai wa danginsa a Assakio, yana fita yana cewa, "An dai kai wa Mama Nas nata ko?" Bakina ya riga ni, na ce an kai. Tunda na ce an kai, ba damar in fita da kula yana tsaye yana ɗaure kaya a mashin. Na jira ya tafi. Na jira maƙwabta su ragu a ƙofa. Ina cikin jira azahar ta yi, ga ciki ba komai tun jiya, ga ƙaryar da na yi tana cina. Sauran kun riga kun sani.

Yanzu ba nama a gida, kuma kwana uku da Sallah mahautan unguwarmu ba su fito ba, kowa yana da nama wa zai saya. Na tura kula ƙarƙashin gado na shiga wasan ɓuya da matar da muke gaisawa ta kan katanga sau biyar a rana. Shanya a duƙe nake yi. Tari ma a ɗaki nake yi. In na ji ta buga ƙofa sai in ta da sallah. Nafilar da na yi a makon nan ko a azumi ban yi ta ba, Allah ya yafe min.

Rana ta biyar da Sallah, bayan la'asar, ina shara a zaure, maigida yana kan benci a waje, sai ga Mama Nas ta dawo daga taron zumuntar mata na cocinsu. Na ji ya ce, "Mama Nas, barka da Sallah. Yaya kika ji ragon bana? Da bakina na ce a sa miki cinya."

Tsintsiya ta tsaya a hannuna. Sai na ji ta ce, "Alhaji, nama ya yi daɗi. Mun gode. Allah ya maimaita."

"Yajin bai yi yawa ba?"

"Yaji kam ban ji shi ko kaɗan ba."

Ya yi dariyar jin daɗi ya tafi masallaci. Ita kuma ta turo ƙofa ta same ni a tsaye, ba halin ta da sallah da tsintsiya a hannu. Ta wuce tsakar gida ta zauna a kan turmi, ta cire takalmi kamar wadda ta zo wuni.

Ta ce, "Hajiya, na yi ƙarya saboda ke, kuma daga coci nake." Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Ba nama ne damuwa na ba, haƙori nawa ya rage mini? Kwana uku kina gudu na. Faɗa mini gaskiya. An yi muku wa'azi ne an ce kar a ba mu? In haka ne ba komai, abeg ba ni kula na kawai, gaisuwa ba zai mutu ba."

Tana faɗa tana kallon ƙasa. A nan na gane abin da na jawo. Ni ina ɓoye cikina, ita tana can tana tunanin shekara ashirin ɗinmu ta ƙare. Kuma wallahi, sai da Shaiɗan ya raɗa min cewa ga hanya ta samu: ki yi shiru kawai, ki miƙa mata kula, asirinki ya rufu. Na kai minti ɗaya ina auna maganar, wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa fiye da naman.

Na shiga ɗaki na durƙusa na jawo kular, na kawo gabanta na buɗe. Ba komai sai daskararren mai da ƙashi ɗaya.

Na ce, "Mama, ni na cinye."

"Duka?"

"Sau biyu."

Ta ƙyalƙyale da dariya har ɗankwalinta ya zame, tana cewa ashe rago ne ya raba mu ba wa'azi ba. Da ta ɗago ta ga hawaye a fuskata, sai dariyar ta tsaya, nas ɗin da ke cikinta ta fito. Ta ce lokacin da nake ci ina jin yunwa? Na ce a'a. Ina iya tsayawa in na so? Na ce da ina iyawa da kin ci cinya. Sau nawa a sati? Tun yaushe? Ina sa yatsa in yi amai bayan nan? Na ce wannan kam ban taɓa ba. Ina amsawa ina mamaki, don tambayoyin kamar tana laɓe a kicin ɗina shekara biyar.

Ta ce, "Hajiya, wannan ba haɗama ba ne, ciwo ne. Yana da suna, yana da magani, na ga masu shi a wurin aiki, maza da mata, har da sirara." Ta faɗi sunan da Turanci, bai zauna min ba. Abin da ya zauna min shi ne kalmar ciwo. Shekara biyar ina ce wa kaina mayya.

A ranar ta sa na ɗauko shayin rage ƙiba ta juye a kwata. Ta ce hana kai abinci da safe shi ke buɗe wa abin ƙofa da rana. Ta kafa min doka: in karya, in ci na rana, in ci na yamma, a faranti, a zaune, ko da jiya na yi ɓarna. In abin ya taso, in ɗauki muciya in buga katanga, ta leƙo mu yi hira har ya lafa. Sati na zagayowa ta raka ni asibiti wurin likitan masu damuwa. Na tirje a ƙofa na ce ni fa ba mahaukaciya ba ce, ta ce ita ma ba direbata ba ce, in shiga. Likitan ya koya min in lura da abin da nake ji kafin abin ya zo, sai na ga kusan kullum kaɗaici ne ko ɓacin rai. Ban warke a wata ɗaya ba. Har yanzu yakan kawo ziyara, sai dai in ya zo ba na zagin kaina, washegari in karya kamar kowa.

Maigida ne na ƙarshe da na gaya wa. Na zaunar da shi na kwashe komai na faɗa. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ni fa na daɗe da lura abinci yana ɓacewa a gidan nan. Na ɗauka sadaka kike yi a ɓoye. Har misali nake bayarwa da ke a majalisa." Muka yi dariya har ya ƙware. Daga ranar ya fara rufe shago da azahar yana dawowa mu ci tare.

Abin da na koya shi ne, kunya ta fi cin abincin yi min ɓarna. Ita ta sa na yi wa mijina ƙarya, ita ta kusa sa in bar matar kirki ta tafi da zargin da ba gaskiya ba. Duk wanda ke da irin wannan hali, kar ya tsaya jiran ranar da zai shiryu shi kaɗai a bayan ƙofa. Ya nemi mutum ɗaya mai riƙe magana ya faɗa masa, sannan su tafi asibiti tare. Ni shekara biyar na yi ina tsoron maganar, da na tashi faɗinta kuwa kalma uku ce.