Ƙishirwar Hephzibah

Duk wanda ya zauna a Samaru ya ce bai san zoɓon Tabitha ba, to bai taɓa fita da rana tsaka ba. A bakin layin da ke shiga kasuwa take zama, da kula biyu shuɗaye da wata lema da iska ta sha karyawa ana ɗaurewa. Ɗalibai Mama Zoɓo suke ce mata. Mu da muke gidan haya ɗaya da ita, ƙofa na kallon ƙofa, Maman Hephzibah muke kiranta, don 'yarta ke nan tilo.

'Yar Wusasa ce, aure ya kawo ta. Mijinta Mordecai malamin firamare ne a Hanwa, mutumin da sai ka yi masa magana uku ya ba ka amsa ɗaya. Tabitha kuwa ta haɗa rabonta na surutu da nasa ta riƙe. Tana da faɗa, ba zan ɓoye ba, amma hannunta a sake yake. Sirrin zoɓonta bai wuce suga ba. Na sha ce mata, "Maman Hephzibah, wannan zoɓo ne ko zuma?" Sai ta ce, "Ke dai sha ki ba ni robata. Wanda ya sha rana ba tsami yake nema ba." A wajenta zaƙi magani ne. Mai gajiya, mai ɓacin rai, ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, kowa roba ɗaya mai sanyi ce rabonsa.

Shekarar da Hephzibah ta cika takwas, ana tsakiyar zafin bazara, yarinyar ta soma wata irin ƙishirwa. Ta sha ruwan randa, ta sha na leda, ta dawo daga makaranta ta zarce wajen kular uwarta. Tabitha ba ta hana ta. Wa zai hana ɗansa abin da yake ba 'ya'yan wasu? Ga ci kamar gara, amma kullum ramewa take, har siket ɗin makaranta sai da aka sa masa fil. Muka ce tsawo ne take yi.

Abin da ya tayar wa Tabitha da hankali shi ne fitsarin kwance. Yarinyar da ta daina tun tana shekara uku, sai ga shi ya dawo. Tabitha ta yi faɗa, ta yi duka, ta hana ruwa da yamma, yarinya ta yi ta kuka tana roƙon ko kurɓi ɗaya. Daga baya ta koma wa dabarar iyayenmu, wato kunyatarwa. Kowace safiya sai ta fito da katifar ta jingina a katanga a tsakar gida, inda duk yaran gidan za su gani su yi dariya. Tururuwa ta riƙa yin layi a kan wurin da ya jiƙe. Duk mun gani, muka ce ai ɗakin mai zoɓo ne, ina za a rasa tururuwa.

Da yarinyar ta soma amai da ciwon ciki, ta kasa zuwa makaranta, sai Tabitha ta rufe kula ta kai ta wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, can bayan PZ. Ni na raka ta. Layi har waje, likita ɗaya, labule kawai ya raba shi da masu jira. Ya tambaya ko akwai zazzaɓi, ta ce jikin na ɗan ɗumi. Ta faɗi aman, ta faɗi ƙishirwar. Ya ce lokacin zafi ne, kowa ƙishirwa yake ji. Fitsarin kwancen kuwa ya zo mata har baki, ta waiga ta ga mutane a bayan labule, ta haɗiye. Tana iya shanya katifa a gaban 'yan gida, amma ba ta iya tona asirin 'yarta a gaban baƙi. Aka gwada maleriya da taifot, aka rubuta magani, aka ce a ba ta abin da zai ƙara mata ƙarfi.

Wanda ya san mu ya san abin da wannan maganar take nufi. A zumuntar mata ta cocinmu ba a zuwa dubiya hannu biyu, kuma abin da ake riƙowa lemon malt ne. Zumunci a ƙafa yake, mu kuwa ba mu da ƙyuiyar tafiya. Muka yi ta zuwa, mu yi waƙa, mu yi addu'a, mu buɗe kwalba mu ce, "Daure ki shanye, 'yata, ki samu ƙarfi." Ita kuma ta kafa kai ta shanye don ƙishirwa, mu ce ai ga sauƙi ya fara samuwa. Rashin sani ya fi dare duhu. Har yau ban manta kwalaben da suka taru a ƙarƙashin gadon nan ba.

Ran Lahadi bayan sujada Janet ta zo. 'Yar zumuntarmu ce, nas ce a babban asibiti, aiki ya hana ta zuwa tun farko. Ta zauna a bakin gado, ta dubi yadda yarinyar ke jan numfashi da ƙarfi kamar wadda ta yi gudu. Ta sunkuya ta shinshina bakinta. Sai ta zare kwalbar da ke hannunta ta ajiye a ƙasa.

"Maman Hephzibah, tana yawan fitsari? Tana yi a kwance?"

Tabitha ta shiga gyaran ɗankwali. Yarinyar ce ta amsa, idonta a rufe. "Ina yi, Anti. Kullum. Ba da gangan ba ne."

Janet na yawo da na'urar gwajin suga a jaka saboda tsohuwarta. Ta soki yatsar yarinyar. Na'urar ma ba ta iya nuna lamba ba, abin ya wuce ma'auninta.

"Suga?" in ji Tabitha. "Ai ciwon tsofaffi ne da masu tumbi. Dubi yarinyar nan, duk ƙashi."

"Na yara daban ne, kuma ba ya jira," in ji Janet. "Baban Hephzibah, nemo mana keke napep yanzu."

Ban taɓa ganin Mordecai na gudu ba sai ran nan.

Kafin a isa babban asibiti yarinyar ba ta gane kowa. Ta kwana biyu tsakanin rai da mutuwa, sannan Ubangiji ya dawo mana da ita. Tabitha ta tare likitar da ke kula da yarinyar tana kuka, ta ce zoɓonta ne ya jawo. Likitar ta ce a'a, jikin yarinyar ne ya daina yin sinadarin da ke sarrafa suga, ba laifin kowa ba ne, zaƙin dai ya ƙara wa wuta mai. Ta ce da an gwada suga a jinin yatsa tun zuwan farko, da ba a kai nan ba.

Na san Tabitha, na san ba za ta bar wannan ba. Ta koma Sabon Gari, na bi ta don in riƙe ta in ta kama. Ta jira layi ya kai kanta, ta zayyana wa likitan komai. Bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ya kamata in gwada. Ki yafe mini." Ta tsaya, duk faɗan da ta ƙunso ya rasa mafita. Can ta ce, "Ni ma ban gaya maka fitsarin ba. Amma ka riƙa tambaya, likita. Mu uwaye kunya ba ta barin mu faɗa."

Yanzu Hephzibah tana aji shida, ita ke yi wa kanta allura. Maganin ba ya son zafi, wutar lantarkin Samaru kuma sai ta ga dama, don haka a wani ɗan tulu mai jiƙaƙƙen yashi ake ajiye shi. A kular Tabitha akwai robobi masu jan zare a wuya, marasa suga, kuma 'yan zumunta sun koyi tambaya kafin su buɗe wa mara lafiya kwalba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne safiyar farko bayan an sallamo su. Ina shara a tsakar gida, ƙofarsu a buɗe, na ji yarinyar na kiran uwarta.

"Mama, zo ki taɓa katifar ki ji. A bushe take." Sannan ta ce, "Yau ba za ki fitar da ita waje ba, ko?"

 Tabitha ta durƙusa a kan katifar ta rungume 'yarta, ni kuma na ja musu ƙofa na ci gaba da sharata.