Masaƙin Gidan Tarihi

Tun yana da baƙin gashi Baba Masaƙi yake aiki a gidan tarihin jami'a. Aikinsa shi ne ya zauna a wani ɗaki bayan igiya, yana saƙa da masaƙar da ya gada wurin mahaifinsa, baƙi suna kallo. Da wannan zaman ya ci, da shi ya aurar da 'ya'ya, kuma bai iya komai ba sai shi.

Farfesan da ya ɗauko shi mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. A wurinsa al'ada gado ce, ko silin zare aka canza ta lalace. Da idon Baba ya yi rauni ya sayi tabarau, Farfesa ya ce, "Haba Baba, kakanka ya sa wannan? In baƙi sun shigo ka cire." Haka yake lalube yana murmushi. Faɗan da ya fi ƙarfinka ai sai ka mai da shi wasa.

Ana nan aka kawo wata Dakta, tsohuwar ɗalibar Farfesa. Ita cewa take al'ada ba kaya ba ce da za a jibge a ɗaki, tare take tafiya da mutane tana sauyawa. Ajiye ɗan Adam bayan igiya kuwa cin mutunci ne. A kan Baba suke tsayawa su yi ta musu, ana nuna shi da biro. Ranar da ya yi ta maza ya ce, "Ranki ya daɗe, ni fa zaman bai dame ni ba," sai ta dube shi da tausayi ta ce wa Farfesa, "Ka ji ko? Har ya saba."

Farfesa ya yi ritaya, Dakta ta gaje shi. Ta kira Baba ofis, ta ba shi ruwan sanyi, ta ce daga yau ya 'yantu, an sallame shi daga aiki. Tsoro ya kama shi. Ya roƙi a ba shi masaƙarsa ya nemi abinci a gida.

Dakta ta sunkuyar da kai. "Wannan kam ba ni da iko, Baba. Ta zama kayan tarihi, ba a fitar da ita."

Bayan mako ya dawo, ya bi layin baƙi. An sa masaƙar cikin gilashi, da rabin ƙyallen da bai gama ba. Ya hango zare ɗaya ya zame daga wurinsa. Ya kai hannu zai gyara, yatsunsa suka ci karo da gilashin, mai gadi ya ce, "Yi haƙuri Baba, ba a taɓawa."