Muryar Doña Herminia da Dokar Masu Yankan Rake

Kullum da safe Doña Herminia Cardoza takan shiga majalisar ƙasa ta ƙofar ma'aikata, ta kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri. Aikinta karatu ne. A ƙa'idar majalisarmu ba a jefa ƙuri'a kan ƙudurin doka sai an karanta shi a bayyane sau uku, a ranaku daban-daban, kuma ita ce mai karantawa tun kafin a haife ni. 'Yan majalisa na hira, wasu na gyangyaɗi, ita tana tsaye tana ba kowace kalma haƙƙinta. Rediyo suke kiranta. Da yawansu ba su san sunanta ba.

Bara aka kawo ƙudurin da zai tilasta wa masu gonakin rake su ba leburori ruwa da inuwa da hutu, domin ciwon ƙoda yana ƙarar da mazan ƙauyukan bakin teku. Da ƙyar ya fito daga kwamiti. Karatu na uku ya faɗo ranar rufe zaman shekara. In ba a kammala shi ba, ƙudurin ya mutu.

Wani ɗan majalisa mai gonaki ya miƙe yana murmushi, ya nemi a karanta har rahotannin likitoci da ke manne da ƙudurin. Ƙa'ida ta ba shi dama. Mataimakin Doña Herminia kuwa an tura shi hutu a makon. Kowa ya gane dabarar: da zarar ta kasa, shugaban majalisa zai buga guduma ya rufe zama. Mu ma'aikata mun san likita ya ga ƙari a maƙogwaronta, ya hana ta doguwar magana.

"Rediyo, batirinki zai kai kuwa?" in ji ɗan majalisar.

"Zauna ka saurara, ranka ya daɗe," ta ce. "Gonarka na nan tafe a ciki."

Ta fara. A ɗakin na'urar sauti muka yi ta ƙara mata ƙarfi har ya ƙure. A benen baƙi matan leburorin da suka mutu sun zauna da tortiya, gurasarsu ta masara, ƙunshe a tsumma, babu wadda ta ci. Ta yi tari a hankici, ta ninke shi da sauri, amma mun ga jinin. Sai da ta kai kalmar ƙarshe.

Kafin ƙuri'a aka kawo gyaran da ya cire diyyar da ƙudurin ya tanadar wa matan. Shi ma ita ta karanta, tana kallon takarda kawai. Ƙudurin ya wuce a haka, shugaban ƙasa ya sa hannu bayan watanni.

A watan jiya ta ajiye aiki. Tun da aka yi mata tiyata raɗa kawai take iyawa. Casilda, ɗaya daga matan benen, ta kai mata ziyara ina wurin. Ta ce babban ɗanta yana layin wankin ƙoda, dokar ba ta riske shi ba. Amma ƙaramin, da ke yankan rake, yanzu ana tsayar da su da tsakar rana su sha ruwa.

Doña Herminia, ke ce kika riƙe zaman nan da maƙogwaro mai ciwo. Ba ki rubuta dokar ba, ba ki da ƙuri'a, sunanki ba ya jikinta. Mun gode, uwa. Ku da kuke da murya da kujera, ga wadda ta ba da tata ɗungurungum don ɗan wata ya sha ruwa a inuwa. Diyyar matan tana jiran wanda zai sake kawo ta.