Ledar da Baba Ya Sa wa Takardata

Sati uku ke nan, amma har yau in na ji an ja kujerar ƙarfe a kan siminti sai gabana ya faɗi.

Jami'ar nan ta kuɗi da ke kan hanyar Abuja, ba wanda bai san ta ba a Keffi. Ana cewa sai a cika mota da masu nema a je a dawo ba a ɗauki ko ɗaya ba. Da suka kira ni tantancewa, Baba, wanda malamin firamare ne a Garaku, ya ɗauki takardar sakamakona ta sakandare, ta asalin, ya kai shagon kwamfuta aka manne ta cikin leda. Haka muke yi wa duk takarda mai daraja a gidanmu, tun da ruwan sama ya lalata takardar haihuwar yayata.

"Yanzu ko a rafi ta faɗa, ba abin da zai same ta," in ji shi, yana ta murna.

Ranar tantancewa, matar da ke karɓar takardu ta ɗaga tawa da yatsu biyu.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Babana ne, Madam."

"Shi baban naki bai san masu jabu ne ke ɓoye gyara cikin leda ba?"

Na ce ai ba a rubuta haka a wasiƙar da aka aiko mana ba. Ta ce duk wanda ya isa shiga makarantarsu ba sai an rubuta masa ba.

Mai gadi ya kai ni wani ɗaki mara taga, ya ja min kujerar ƙarfe, ya karɓe wayata. Wani mutum ya shigo yana tambaya wa ya buga min takardar, yana ambaton 'yan sanda. Na rantse, na yi kuka. Ni da ko ofishin shugaban makaranta ba a taɓa kai ni don laifi ba!

Sai wajen la'asar suka duba lambar jarrabawata a kwamfuta. Ko minti biyar bai ɗauke su ba, komai daidai. Ba wanda ya ce min yi haƙuri. An riga an gama ganawa da ɗalibai, wai in sake nema baɗi. Abin da ke ƙona min rai ke nan. Me ya hana su dubawa tun da safe? Ko sai an wulaƙanta irinmu ne sunan makaranta ke ƙara tsada?

Da na koma gida na faɗa wa Baba komai. Washegari na fito shara na same shi zaune a ƙofar ɗaki da reza, yana ɓare ledar a hankali.

"Baba, don Allah ka bari!"

Ledar ta riga ta ɗago da rabin sunana. Ya dubi takardar, ya dube ni. Ni ce na zare rezar daga yatsunsa.